Muhawara: Sata ce kaɗai ta raba mai kuɗi da talaka a ƙasar nan?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so mu baje ta a faifai. A rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019, cikin kowane mutum 100 a Legas waɗanda ke ƙasa da layin talauci ba su kai 5 ba. A Sakkwato sun kusa 88. A 2022 hukumar ta sake wani lissafi da ya haɗa da karatu, lafiya, ruwan sha da makamashin girki, ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa. Ga shi kuma wanda ya fi kowa kuɗi a Afirka ɗan Kano ne.

Duk wanda ka tambaya sai ya ce maka sata ce. Ban musa ana sata ba. Amma ni a ganina ko yau aka wayi gari ba mai taɓa ko kobo na gwamnati, tazarar nan raguwa za ta yi, ba za ta gushe ba, saboda yadda aka gina tattalin arzikin tun tushe. Wanda bai yarda ba, bismillah.

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Ni ban yarda ba, yaya. Sata ce, babu wani dogon turanci. A ba mu shugabanni masu tsoron Allah shekara goma kawai ka ga yadda gari zai koma. Wannan maganar ta "tsari" ita ɓarayin ke so a riƙa yi, don laifin ya tashi daga kansu ya koma kan abin da ba a iya kamawa a kai kotu.

Almajirin Malam:
Mu dai kada mu manta Allah Shi ne Ya fifita wasu a kan wasu a arziki. Ba za a taɓa zama ɗaya ba.

Malam Na-Samaru:
Haka ne, ɗan'uwa, kuma ba wanda ya ce a zama ɗaya. Amma Alƙur'anin da ya faɗi haka, shi ne a Suratul Hashri aya ta 7 ya bayyana yadda za a raba dukiyar fai'i, wato ganimar da aka samu ba tare da yaƙi ba, ya kuma faɗi dalili: don kada ta zama tana kewayawa tsakanin mawadata kaɗai. Ke nan rabon dukiyar jama'a abu ne da ake tsarawa, kuma za a tambayi wanda ya tsara. A nan maganarmu take.

Baba Mai Ritaya:
Yara, ku bari in sa baki, don na ga ƙarshen zamanin gyaɗa da idona. Mahaifina akawun sikeli ne a wurin wani ejan mai sayen gyaɗa. Da kaka za ka ga jakuna sun yi layi tun hantsi, kowa da buhunansa, ana ɗorawa a sikeli, akawu na rubutawa, ana ƙirga wa manomi kuɗinsa a hannu. Kafin la'asar kuɗin nan sun bazu: tela ya samu, maƙeri ya samu, mai tuwo ta samu, mai jaki ya samu, ɗan dako ya samu. Daga nan a kai Kano a yi dala, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Ikko.

Kada ku ɗauka aljanna ce. Hukumar ciniki ita ke yanka farashi, kuma tana biyan manomi ƙasa da abin da ake sayarwa a Turai, ta riƙe ragowar. Ga haraji, ga jangali, wanda bai biya ba dogari ya ɗaure shi a rana. Ai abin da ya haifi jam'iyyar NEPU ke nan a 1950, kuma sai 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke harajin da jangalin. An zalunci talaka ƙwarai.

Amma ga abin da nake so ku riƙe. A lokacin, in manomi bai yi noma ba, baitulmali ba ya cika. Gwamnati na bukatarsa ko ba ta ƙaunarsa. Dole ta kawo iri, ta kawo malamin gona, ta gyara hanyar da mota za ta bi ta ɗauko amfanin. Yau fa? Ko duk manoman Arewa sun kwanta, ƙarshen wata kwamishinonin kuɗi za su hallara a Abuja a raba kason mai. Kuɗin ƙasa sun daina shigowa ta ƙofar gona, sun koma shigowa ta ƙofar ofis, kuma wanda ke kusa da ƙofar shi ke fara ɗiba.

Ɗan Fagge:
Allah Ya ƙara girma, Baba. Abin da na kasa faɗa ke nan.

Ɗalibar Tsimi:
Baba, Allah Ya saka da alheri. In ƙara da abin da muke karantawa. Mai shi ne mafi yawan abin da Nijeriya ke sayarwa waje, shekaru da dama yana kai wajen kashi 90 cikin 100 na kuɗin da ke shigowa daga kayan da aka fitar. Amma a cikin dukan abin da ƙasar ke samarwa yanzu bai kai kashi 10 ba, kuma mutanen da yake ɗauka aiki ƙalilan ne, don aikin injuna ne da ƙwararru. Fiye da kashi 90 na masu aiki a ƙasar nan ba su da albashi na ofis ko na kamfani: noma ne, talla, dako, ɗinki, tuƙi. To arzikin yana wuri ɗaya, mutanen suna wani wuri, kuma abin da ya haɗa su shi ne gwamnati. In an zo rabon kuɗin ƙasa, tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60.

Akwai kuma abin da iyayenmu ke alfahari da shi wanda ni yake ba ni tausayi. Suna cewa a 1980 naira ta fi dala daraja. Gaskiya ne. Amma wa ya ci moriyar hakan? Mai albashi a birni da mai shigo da kaya, don komai na waje ya yi araha. Manomin da ke noma auduga ko gyaɗa don a fitar, shi kuwa kayansa sun yi wa duniya tsada, a gida kuma shinkafar waje da alkama sun karya masa farashi. Ga fari na farkon shekarun 1970, ga cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975. Ba wanda ya shiga gonarsa ya saci komai, amma an talauta shi.

Ɗan Kwari:
Ƙanwata, na ji karatu. Amma amsa mini wannan. Botswana fa? Su ma dutse ɗaya suka dogara da shi, lu'ulu'u. Da suka samu shugaba mai amana, Seretse Khama, ba ga shi sun wuce mu ba? Ke nan ba man ne matsala ba, hannun da ya riƙe shi ne.

Ɗalibar Tsimi:
Yaya, ka kawo misalin da ya fi dacewa, sai dai bai tsaya a gefenka gaba ɗaya ba. Botswana ta samu 'yanci a 1966 tana cikin ƙasashe mafi talauci a duniya. Aka gano lu'ulu'u a Orapa a 1967, daga baya Jwaneng. Gwamnati ta yi rabin-da-rabi da kamfanin De Beers a Debswana, ta yi asusun ajiya, ta gina makarantu da asibitoci da tituna, kotunanta na aiki, zaɓe bai taɓa yankewa ba. Duk wannan na ba ka.

Amma har yau Botswana na cikin ƙasashen da tazarar mai kuɗi da talaka ta fi faɗi a duniya. A ma'aunin Gini, wanda sifiri ke nufin kowa daidai, 100 kuma mutum ɗaya ya kwashe komai, tana sama da 50. Rashin aikin yi ya haura kashi 20. Dalili shi ne ramin lu'ulu'u ba ya ɗaukar mutane da yawa, shanun ƙasar kuma tun asali suna hannun tsiraru. Amana ta hana su faɗawa ramin da muka faɗa, amma ba ta samar wa saurayin ƙauye aikin yi ba.

Ɗan Kwari:
To mu nawa ne namu ma'aunin?

Ɗalibar Tsimi:
Wajen 35 a binciken 2018 zuwa 2019. Kada ka yi murna. Binciken yana auna abin da gida ke kashewa ne, kuma masu ƙidaya ba sa samun shiga gidajen Maitama da Banana Island. Sannan in kusan kowa a jiha talaka ne, ma'aunin zai nuna kamar akwai daidaito.

Malam Na-Samaru:
Bari in kawo ɗaya gefen, wato ƙasar da aka yi sata sosai amma talaka ya ɗaga. Indunusiya. A wancan lokacin ita ma mai take sayarwa, ita ma soja ke mulkinta, ita ma kuɗi suka yi mata ambaliya bayan 1973 kamar mu. A jerin da ƙungiyar Transparency International ta fitar a 2004 na shugabannin da ake zargi da wawure dukiya mafi yawa, Suharto na Indunusiya ne na ɗaya, Abacha na huɗu. Kuma mulkin Suharto ya fara ne a kan jinin dubban ɗaruruwan mutane da aka kashe a 1965 da 1966. Ba yabonsa nake ba, Allah Ya kiyaye.

Amma ku dubi inda kuɗin man suka tafi. Tsakanin 1973 da 1978 sun gina makarantun firamare sama da 61,000, mafi yawa a karkara. Suka zuba kuɗi a madatsun ruwa, da taki mai rahusa, da sabon irin shinkafa, da hanyoyin ƙauye. Suka sa farashin da shinkafar manomi ba za ta faɗi ƙasa da shi ba. Suka karya darajar kuɗinsu a 1978, tun man yana tsada, don kada kayan manomansu da masana'antunsu su rasa kasuwa. Zuwa 1984 ƙasar da ta fi kowa sayen shinkafa daga waje ta ciyar da kanta.

Mu a waɗannan shekarun me muka yi? Ƙarin albashin Udoji da ariyas, jiragen siminti da suka toshe tashar Legas a 1975, bikin FESTAC a 1977. An yi UPE, wato shirin karatun firamare kyauta, a 1976, wannan alheri ne, kuma Audu Baƙo ya gina madatsar Tiga wadda har gobe mutanen Kura da Kadawa ke ci daga gare ta. Amma in ka auna, birni da ma'aikaci da ɗan kwangila su aka fifita. Masu mulkin Indunusiya suna tsoron ƙauye, don sun san daga can tawaye ke tasowa. Namu ba su taɓa jin tsoron ƙauye ba.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Nijeriya. Ina bin maganar tun ɗazu. Mu nan Nijar ba sai an ba mu labari ba. Tun 1971 ake haƙo yuraniyom a Arlit, an yi shekaru ana kai shi Faransa ana kunna wuta da shi. Mu kuwa cikin mutum biyar da ƙyar ɗaya ke da lantarki, kuma a da mafi yawan wutar ma daga wajenku take zuwa, shi ya sa da aka yanke ta a 2023 muka sha duhu. Ramin yuraniyom na Akuta an rufe shi a 2021. Ka tambayi mai noman hatsi a Dakwaro ko mai albasa a Galmi abin da ya shigo aljihunsa daga shekara hamsin na yuraniyom. Abin da ke riƙe da Maraɗi kasuwa ce da ku, shi ya sa rufe iyaka na 2019 ya fi yi mana ciwo a kan faɗuwar farashin yuraniyom.

Uwar Biyu:
Malamai, ku yi haƙuri, kun tafi Indunusiya kun bar mu a nan. Ni malamar firamare ce a ƙauye, bari in faɗa muku yadda tazarar ke ƙaruwa a gabana kowace shekara.

Da kaka maƙwabcina zai sayar da masararsa, ba don yana so ba. Akwai bashin taki, akwai maganin yaro, akwai auren 'ya. Kowa na sayarwa a lokaci ɗaya, farashi na ƙasa. Mai kuɗi ya turo mota ya kwashe ya zuba a sito. Da damina ta yi tsakiya, rumbu ya ƙare, mutumin nan zai je ya sayi masarar da shi ya noma, kwano-kwano, a kan kuɗin da ya fi wanda ya sayar nesa ba kusa ba. In babu kuɗin, sai ya bar tasa gonar ya tafi ƙwadago a ta wani, tasa ciyawa ta cinye. Baɗi ya ƙara zama baya.

Da zai samu rance na wata huɗu kacal, da ya riƙe hatsinsa. Banki zai ce ya kawo takardar mallakar fili. Gonar da ya gada tun kakanni ba ta da takarda. Mata kuma ba a ma maganarmu. Mai ƙosai a bakin kasuwa kullum sai an yankar mata rasit, mai Adaidaita Sahu kullum sai ya sayi tikiti, amma ajin da nake koyarwa yara a ƙasa suke zaune, rufin ma iska ta yaye rabi. Ɗan mai siton yana makarantar kuɗi a birni. To ku gaya mini, yaran nan biyu a ina za su haɗu?

Malam Na-Samaru:
Malama, kin taɓo jijiyar. Maganar ƙasa ita ce uwa. Koriya ta Kudu a 1950 ta yi doka cewa gida ɗaya ba zai riƙe gonar da ta wuce wajen hekta 3 ba, aka sayi ragowar daga manyan masu ƙasa aka mallaka wa masu noma ta. Taiwan ta yi irin haka zuwa 1953. Waɗannan manoman su suka tura 'ya'yansu makaranta, 'ya'yan suka cika masana'antu. Afirka ta Kudu ta yi akasin haka: dokar 1913 ta killace baƙar fata a kashi 7 cikin 100 na ƙasar, aka ƙara zuwa wajen 13 a 1936. An kawar da wariyar launin fata tun 1994, amma har yau tana sahun gaba a duniya wajen tazara.

Mu tamu dokar ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A takarda abin ya yi kyau. A aikace, wanda ya san hanyar ofis shi ke fita da takardar mallaka, manomi kuma in an karɓi gonarsa, diyyar amfanin da ke kai ake lissafa masa, ba ta ƙasar ba. Dattawan Talata Mafara ba su manta da Bakolori ba, inda a 1980 manoman da suka tsaya neman diyyar gonakinsu aka buɗe musu wuta.

Ɗan Kakuri:
Ni maganar masaƙu ce ke ƙona mini rai. Sardauna ya kafa masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya, Kano ma ga Bompai da Sharaɗa da Challawa. Babanmu a masaƙa ya yi aiki, bai yi boko mai zurfi ba, amma da albashinsa ya gina gida ya karantar da mu. In an tashi daga aiki, kekuna ne ke cika titin Kakuri har ba ka ganin kwalta. Irin wannan aikin shi ne tsanin da ɗan talaka ke hawa. KTL, wato masaƙar Kaduna, ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL a 2007. Yanzu je ka ga ciyawa a harabar. Kuma ka yi haƙuri Ɗan Kwari, atamfar Sin da kuke jibgewa tana cikin abin da ya kashe su.

Ɗan Kwari:
Ɗan'uwa, ban ji haushi ba, amma ka ji nawa. Mai saye zai zo da kuɗin turmi ɗaya, in ce masa ya sayi mai tsada don kishin ƙasa? Masaƙar da ke kwana a kan janareta da baƙin mai ba za ta yi gogayya da wadda wuta ba ta ɗaukewa ba. Ba ni na hana wuta ba, ba ni ke tsaron iyaka ba.

Kuma in ana maganar cuta, mu ma an cuce mu. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati wajen naira 460 take, mu kuwa a kasuwar canji ta Wapa muna saye sama da 700. Wanda ke da hanya ya karɓa a farashin farko ya juyar a na biyu, bai ɗinka ko hula ba ya zama attajiri. Sarki Sanusi ya yi ta faɗar wannan tun 2016. To wannan ba sata ba ce?

Ɗan Fagge:
Sata ce, amma ka lura, mafi yawanta da takarda da sa hannu aka yi ta. Doka ce ta yi farashi biyu, ta ba wani ofis ikon zaɓar wanda zai samu mai arahar. Ko waliyyi ka zaunar a kujerar, gobe wani zai gaje shi, layin masu neman alfarma kuma yana nan. Shi ya sa na ce a duba ginin.

Malam Na-Samaru:
Ɗan Fagge, a nan zan ɗan ja da kai. Kana magana kamar ginin daban, masu satar daban. Su suka gina shi, kuma su ke gadinsa, don yana yi musu aiki. Gwamnatin da ba ta rayuwa da harajin jama'arta ba ta jin dole ta yi musu bayani. Abin da aka tara na haraji a ƙasar nan a 2021 wajen kashi 10 ne cikin 100 na abin da ake samarwa, yana cikin mafi ƙanƙanta a duniya, kuma wanda ake tarawar ma ya fi nauyi a kan mai albashi da mai saye a kanti, tun da harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020. Gidaje da filaye na biliyoyi kusan ba a taɓa su. Don haka Ɗan Kwari bai yi kuskure ba da ya ce a kama ɓarawo. Inda na saɓa da shi shi ne zaton cewa kamun kaɗai ya isa.

Uwar Biyu:
To yanzu da aka cire tallafin mai tun 29 ga Mayun 2023, aka ce kason jihohi ya ƙaru sosai, ina yake? Mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000, amma mutanen ƙauyenmu ba mai albashi a cikinsu sai mu malamai da ma'aikacin asibiti. Su tsadar kawai ta iso musu. Kuɗin mota zuwa kasuwa ya ninka, taki ya ninka.

Ɗalibar Tsimi:
Anti, a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Kuma abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu duk wata ana wallafa shi, kowa na iya dubawa a intanet.

Baba Mai Ritaya:
'Yata, hukuncin ya yi kyau, amma na yi aiki a ƙaramar hukuma, na san ciki. Muddin hukumar zaɓen jiha ce ke shirya zaɓen ciyaman, gwamna ne ke naɗa shi, kuma wanda ya naɗa ka shi kake yi wa biyayya ko ta wace hanya kuɗin suka zo. Ni da za a tambaye ni, a fara da abin da Malama ta faɗa. A ba manomi takardar gonarsa a ƙaramar hukumarsa ba tare da ya je babban birni ba. A yi sito na ƙungiya a kowace gunduma inda zai ajiye hatsi a ba shi rasit, ya karɓi rance a kan rasit ɗin.

Ɗan Kwari:
Baba, wa zai riƙe makullin siton? Nan ma fa sai mun koma maganata.

Baba Mai Ritaya:
Masu hatsin za su riƙe, ɗana, ba ciyaman ba. Makulli uku a hannun mutum uku da su suka zaɓa, a riƙa ƙirga buhuna a gaban kowa ranar kasuwa. Malama, in ƙauyenku akwai ƙungiyar manoma mai rajista, ki turo mini saƙo ta gefe, akwai tsarin rubuta littafin ajiya da zan nuna musu kafin kaka ta zo.

Uwar Biyu:
Akwai ta mata, Baba, mu talatin da wani abu ne, adashi muke yi. Ta maza ta watse tun rikicin rabon taki. Zan yi wa shugabarmu magana yau da daddare in sha Allahu.